Gilashi Mai Rabin Duhu

Kawu Ila ya bar mini su a gwangwanin alewa,
kowanne naɗe da tsumman tsohuwar hula:
gilasai huɗu, ba su kai tafin hannu ba,
kansu rine, gindinsu garau kamar ruwan randa,
tsakiyarsu kuwa, ko ka ƙura ido,
ba ka nuna inda rinin ya ƙare.
Ɗaya toka-toka, ɗaya shuɗi,
ɗaya launin ganyen taba da ya sha rana,
na huɗun ya tsage tun ban san kaina ba.

Ya kan ce: kyamara ba ta iya raba gardama.
In ta saurari sama, ƙasa ta zama gawayi,
in ta bi ta ƙasa, sama ta koma farar takarda.
Sai ka rage wa babba murya
kafin a ji abin da ƙarami ke faɗa.

Yau na baro Daura bayan la'asar
na zo da su bakin dam ɗin Sabke.
Gero ya fara fid da kai,
hadari na haɗa kayansa a gabas.
Na kafa ƙafa ukun kyamara cikin laka,
na zura mai tokar a gaban idonta,
ina sauke shi sannu-sannu
kamar mai sauke tulu daga kan yarinya,
har duhun ya zauna
daidai inda ruwa ya gama da gajimare.
Sai ga kwalekwale ya fito da masuncinsa,
ga kunya-kunyar gona, ga balbela uku,
ga hadarin da duk ƙullin cikinsa.

Saura kuka.
Tsohuwar kukar gonar Baba Nomau
ta ƙi tsayawa ƙarƙashin iyakar da na shata.
Gindinta a haske,
kanta cikin duhun da ba dominta aka kawo ba.
Na ɗaga, sama ta ƙone.
Na sauke, ta yi baƙi har wuya.
Na karkata gilashin, tudu ya ɗauki laifin.
Ashe duk mai tsayi a ƙasar nan
da shi ake raba hukuncin sama.

Na sauya, na sa mai launin taba.
Yamma ta yi ja kamar an kifar da manja,
har na ji daɗin kaina.
Nomau ya iso, hauya a kafaɗa,
ya sunkuya ya leƙa, ya ɗago ya dubi sama,
ya sake leƙawa.
Ya ce: yaro, wannan wace rana ce?
Tun asuba nake nan, ba ta biyo ta gonata ba.
Ya yi shiru, sannan ya ce:
na taɓa ganin irin wannan jan sau ɗaya,
shekarar da fara ta sauka,
muka sayar da akuyar Goggo Tabawa.
Kada ka rataye mana shi a bango.

Na cire. Na mayar da mai toka,
wanda ba ya ƙara wa Allah launi,
roƙon sama kawai yake ta sassauta.
Na bar kukar da baƙin kanta.
Na danna sau biyu,
ɗigon farko ya faɗo kan gilashin.

A rumfar Nomau muka fake.
Yana ɓare gyaɗa, ni ina goge ruwa,
hannuna ya kai kan tsagaggen.
Na ɗora shi a ido, na tuna Kawu
a shekarunsa na ƙarshe, yana ta rufe masa gani,
yana zaune a ƙofar shago, yana tambayar masu wucewa:
yau yaya saman take?
Kowa ya ce masa lafiya lau.
Ba wanda ya tsaya ya faɗa masa launinta,
har da ni.